Madarar Juma'a

SHAFI NA 23

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, ni ma jini da tsoka ce. Wuta babu, waya na wurin caji, ga ciwon kai. Wadda ta turo min "ina ci gaba" har sau tara tun ban karya kumallo ba, na gani, Allah ya shirye ki.

Sababbin shigowa, kar ku dame ni da tambaya, ga inda muke. Mutum goma sha ɗaya ne kwance a layukanmu na Agege da wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo. An sha maganin maleriya, an sha na taifod, duk a banza. Da aka gwada jini sai aka ga cutar da makiyaya ke kira bakkale ce, wadda ake ɗauka daga ɗanyar madarar dabba mai ɗauke da ita. Surayya ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar unguwar, ita aka ɗora wa gano inda madarar ke fitowa. Mutanen unguwa kuwa tuni suka yanke hukuncinsu: Hansai mai fura da nono ce.

To, mu je.

*

Sati shida ke nan Surayya tana taka layukan nan da jakar takardu a kafaɗa. Takalminta ya cinye ta gefe ɗaya. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta tambayi kowa abin da ya ci da abin da ya sha, har mata sun fara shigewa banɗaki in sun hango farin hijabinta.

Saukarta daga motar haya ta danfo ke da wuya waya ta yi ƙara. Oga Abdulganiyu ne, shugabanta a ofis.

"Surayya, today na Friday o. Ƙarfe ɗaya nake tura rahoto. Ki ba ni suna."

"Oga, nonon Hansai sau biyu aka gwada, ba a ga komai ba. Sai ta tafasa madararta take barin ta ta yi tsami. Da idona na gani."

"Eleven people, duk sun sha furarta."

"Duk Agege ta sha furarta, Oga. Ni ma na sha."

"I no get another name. In ba ki kawo wani ba, nata zan sa. A rufe ta, hankalin mutane ya kwanta. Abeg, ni ma na gaji."

Ƙit, ya kashe.

Ta tsaya a bakin kwata riƙe da wayar. Hansai dai shekara ashirin da biyu tana zama a kwanar masallaci da ƙwaryarta, ba ta da miji, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Makon jiya Mastura, ɗaya daga cikin marasa lafiyar, ta yi ɓarin cikin wata shida. Mijinta Shafi'i ya fito daga asibiti bai zame ko'ina ba sai wurin Hansai, ya yi ƙwallo da ƙwaryar, ya rantse a gaban jama'a duk wanda ya kashe masa ɗa sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Tun ranar Hansai ba ta leƙo ko ƙofar gida ba. In sunanta ya shiga takardar hukuma yau, ta gama zama a Agege.

Surayya ta duba agogo. Goma da rabi.

Ranar Juma'a a ofis take wuni tana rubutu, ba ta taɓa fita bincike ba. Yau dai ta ce bari ta sake gwada gida ɗaya, ko don ta ce ta yi iya yinta.

*

Ɗakin Iya Kalsum shi ne na ƙarshe a dogon gidan hayar. Tsohuwa ce haihuwar Legas, kakanta soja ne, Yarbanci a bakinta kamar ruwa. Tana kwance kan tabarma, zaninta sharkaf da gumi, gwiwoyinta an shafe su da man zafi.

"Salamu alaikum, Iya."

"Ke ce kuma? Shigo, 'yar Badiyya. Pele, sannu, kin sha rana."

"Ya jikin?"

"Da rana kamar na warke. Yamma na yi sai ya dawo da kayansa. Ƙashin bayan nan kamar ba nawa ba."

"Kina shan maganin? Sati shida cur aka ce, kar ki tsallake."

"Ina sha, ina sha."

Surayya ta zauna a bakin tabarmar. Ko takardar ba ta ciro ba, ta haddace ta.

"Iya, tambayar nan dai zan sake yi."

"Yi mana. Ba kya gajiya, halin uwarki sak."

"Ban da furar Hansai, akwai wata madara ko nono ko wara, cukun nan na nono, da ta shiga bakinki cikin watannin nan?"

"Na faɗa miki sau uku. Babu."

Amma idon tsohuwar ya tafi bakin ƙofa ya dawo. Surayya ta lura. Ta sha ganin irin wannan kallon a gidajen nan, baki na cewa babu, ido na kauce mata. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ta rasa ta inda za ta ɓullo musu.

"Iya, yau za a rubuta sunan Hansai."

Tsohuwar ta juya fuskarta ga bango.

"Tare kuka yi zaman makokin Mama ke da ita. Kin san ba ta yi komai ba."

"Allah ya fi mu sanin komai, omo mi, 'yata. Tashi ki tafi, rana na yi."

"Korata kike yi?"

"Ni na isa? Cewa na yi..."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, sau biyu. Muryar namiji ƙasa-ƙasa.

"Salamu alaikum. Iya, ga butelinki."

Iya Kalsum ta runtse ido.

Surayya ta san muryar. Ta tashi ta ɗaga labule. Wani dogon mutum ne mai rawani, da buhu a kafaɗa, ya miƙo kwalbar roba a naɗe cikin baƙar leda. Harouna ne, mutumin Nijar, wanda ke kiwon shanun mahaifinta guda uku a wani kango bayan Ogba.

Hannunsa ya tsaya a sama.

"Hajiya ƙarama! Mi kike yi nan?"

Ta karɓi kwalbar, ta zare ledar. Madara ce fara tas, da sauran ɗuminta.

Ta jingina da bango.

"Iya, mene ne wannan?"

"Sadaka ce."

"Daga wa?"

"Kin ga mai kawowa, sai na faɗa?"

"Sau huɗu ina zuwa ɗakin nan! Sau huɗu, Iya!"

"Kar ki ɗaga min murya, na goya ki." Tsohuwar ta yunƙura ta zauna da ƙyar. "Amana ce. Mutum ya rufa maka asiri, ya aiko maka a ɓoye don kar maƙwabta su san kana cin sadaka, ya ce kar ka faɗa wa kowa, sai ka tashi ka tona nasa? Kuma ke cuta kike nema. Abin da aka bayar don Allah, ta ina zai zama cuta?"

Kun ji fa. Sati shida ana auna nonon kasuwa, ana bin masu talla har tasha, ashe abin yana shigowa ta ƙofar baya duk Juma'a a cikin baƙar leda.

*

A soron gidan ta tsare Harouna. Sai sunkuyar da kai yake.

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar Hajiya babba. Shekara biyu. Alhaji ya ce kowace Juma'a a tatsa a kai ma gwauraye da masu ciki da marasa ƙarfi, ladar ta isa gare ta. Ya ce kar kowa shi sani, har ku ɗiyanshi."

"Ana tafasawa?"

"A'a! Ba a dafa nonon sadaka, da ɗuminai aka kai shi. Kuma wurinmu in ka sa ma nono wuta, hantsar saniya ta kan ƙafe."

"Shanun lafiyarsu ƙalau?"

Ya kau da kai.

"Harouna, kalle ni. Akwai wadda ta yi ɓari?"

"Farar. Wata huɗu da sunka wuce. Daga baya ja ɗin ma ta zubar."

"Gwiwoyinsu sun kumbura?"

"Farar, ta gaba."

"Wa ya ɗauke abin da suka zubar?"

"Ni na bizne da hannuna."

Sai yanzu ta lura da yadda yake dafe ƙugu in zai motsa. Shi ma ya ɗauka, yana ta yawo da ita yana cewa gajiya ce.

"Gida nawa kake kaiwa?"

"Sha huɗu."

Gidajen da ke takardarta tara ne. Ke nan akwai gida biyar da ba wanda ya san da su, ba a gwada kowa ba, ba a ba kowa magani ba.

"Yau nawa ka kai?"

"Shida."

"Koma ka karɓo su duka. Wanda ya sha, ka riƙe sunan gidan. Buhun nan kuma ba ni."

"Hajiya ƙarama, Alhaji za ya..."

"Ni zan ji da Alhaji."

Ta faɗa ne kawai. Wallahi ba ta san ta inda za ta fara ba.

*

Sha biyu ta wuce lokacin da ta shiga gidansu da buhun a hannu. Alhaji Abdulmuhaimin Yari yana falo, ya yi wanka, farar shaddarsa ta Juma'a a jiki, hula na kan kujera. Mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba a unguwar. In an yi rasuwa shi ne a gaba, in ma'aurata sun saɓa wurinsa ake zuwa. Cikin zafin nan na Legas ya yafa bargo a kafaɗa, goshinsa na naso.

"A'a, Surayya? Yau ba ofis?"

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Sannan ta buɗe buhun, ta jera kwalaben a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Guda takwas.

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"A ɗakin Iya Kalsum na haɗu da Harouna."

"To. Kin gani. Sai ki rufe bakinki, ba abin da ya shafe ki ba ne."

"Ya shafe ni, Baba. Ita nake nema sati shida."

"Me kike nema?"

"Madarar nan ce ke kwantar da mutane."

"Ki iya bakinki."

"Baba..."

"Na ce ki iya bakinki! Shekara biyu ina bayarwa, wa ya taɓa kwanciya?"

"A da shanun lafiyarsu ƙalau. Wata huɗu da suka wuce farar ta yi ɓari, ja ɗin ta biyo ta. Bayan nan mutane suka fara kwanciya. Ba ka haɗa ba?"

"Dabba ta yi ɓari sai ya zama abin magana? Ƙaddara ce."

"Alamar ciwon ke nan. A nononta yake fita. Da an tafasa ma da shi ke nan, wuta na kashe shi. Amma ɗanya ake kai musu." Ta kalli bargon. "Kai ma kana sha, ko?"

"Ina ɗanɗanawa kafin a kai. Ba na ba mutane abin da ban sa a bakina ba."

"Tun yaushe kake wannan gumin?"

"Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne, Baba."

Fanka na ta juyawa a sama. Ta ga lokacin da abin ya fara shigarsa, don hannunsa ya kama hannun kujera ya riƙe gam.

"Faɗa min sunayen marasa lafiyar."

Ta fara jerowa. Iya Kalsum. Malam Talle makaho da matarsa. Ba ta kai na shida ba ya ɗaga mata hannu. Duk nasa ne. Shi ya zaɓe su da kansa, gida gida.

"Yarinyar nan," ya ce, muryarsa ta dishe. "Matar Shafi'i."

"Mastura."

"Da na ji tana da ciki, ni na ce a riƙa kai mata biyu. Da aka ce ta kwanta, na ce a mayar uku, ta samu ƙarfi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Uku, Surayya."

Bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Zama kawai ya yi yana kallon kwalaben, ita kuma tausayinsa ya cika ta. Wannan mutumin ko kaza ba ya iya kallo ana yankawa.

Can ya share fuska da gefen bargon.

"Na daina. Daga yau ko ɗigo ba za a sake kaiwa ba. Shanun a kai kara, kasuwar dabbobi, a sayar. Magana ta tsaya a ɗakin nan."

"A sayar wa wa, Baba? Su je su kwantar da wata unguwar?"

"To a yi duk yadda za a yi da su, amma a shiru."

"Ba ya yiwuwa a shiru. Sai likitan dabbobi ya je ya gwada su. Akwai gida biyar da ba a duba ba, sai an bi su. Kai da Harouna sai an ɗebi jininku. Duk wannan sai da takarda, takarda kuma sai da suna."

"Ki ce ba ki gano ba."

"In na ce haka, ƙarfe ɗaya za a sa sunan Hansai."

"Zan san yadda zan yi da Hansai. Ba zan bar ta ta wulaƙanta ba."

"An riga an wulaƙanta ta. An fasa mata ƙwarya a bainar jama'a, ana ce mata mai kashe 'ya'yan mutane. Sunanta da me za ka mayar mata?"

Ya miƙe tsaye, bargon ya zame ƙasa.

"Sadakar uwarki ce! Kin ji ko? Farar saniyar nan tata ce, ita ta raine ta tun tana maraƙa. Na ɓoye ne don ladan ya isa gare ta cikakke. Yanzu so kike a zauna a kwanar masallaci ana cewa madarar Badiyya ta kashe ɗan mutane? Tana kabarinta ki jawo mata zagi?"

Nan ne hawayen suka zubo mata. Ta so ta yi ihu, ba ta da ƙarfin yi. Gaba kura, baya sayaki.

"Baba, da Mama na raye, da wa kake ganin za ta fara zuwa dubawa? Kai ko Hansai?"

"Kar ki sa min ita a magana."

"Kai ka sa ta."

"Ni na haife ki. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ina roƙonki."

Wayarta ta fara ƙara a cikin jaka.

Ɗaya saura minti goma.

Ta bar ta ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

"Kar ki ɗauka," in ji shi a hankali.

Ta ɗauka.

"Surayya, time don reach. In sa Hansai?"

"A'a, Oga. Na gano inda take fitowa. Ɗanyar madara ce ake rabawa kyauta duk Juma'a, gida goma sha huɗu. Shanu uku ne a bayan Ogba, biyu sun yi ɓari. Kwalabe takwas na hannuna, a turo a ɗauka a gwada."

"Ehen! Good girl! Mai shanun fa? Oya, ina riƙe da biro."

Ta ɗago ta kalli mahaifinta. Shi ma ita yake kallo, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Alhaji Abdulmuhaimin Yari."

Ta ji ƙarar biro, sannan ya tsaya.

"Wait. Yari? No be your..."

"Babana ne, Oga. Rubuta."

Ta kashe wayar. Ta ajiye ta a kan tebur kusa da kwalaben.

Lasifikar masallaci ta fara ƙara, ana gwada ta. Alhaji ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki hularsa ya sa. Ya gyara wuyan rigarsa. Ya zura takalmi. Duk bai kalle ta ba.

"Baba, ina za ka? Jikinka da zafi."

"Masallaci."

"Ka bari yau, don Allah. Ka yi azahar a gida."

"Kin gama naki aikin. Saura nawa." Ya ɗauki darduma ya saɓa a kafaɗa. "In mutanen Agege za su ji, ba daga takardarki za su fara ji ba. Ana sallame salla zan karɓi lasifikar."

Ta sha gabansa a bakin ƙofa.

"Baba, Shafi'i a masallacin nan yake salla. Ka ji rantsuwar da ya yi."

"Na sani. Sahunmu ɗaya, a hannun damana yake tsayawa."

"Zan bi ka."

Sai a lokacin ya dube ta.

"Matsa min daga hanya, Malama. Ma'aikatan lafiya ba su da aiki a inda za ni."

Ya ɗaga labule ya fita.